Jawabi Ga Masu Haya A Tsofaffin Gidajen Gwamnati Na Kaduna



Maganata yau a kan gidajen haya ce. Kowa ya san gidajen Kabala Costain da na Malali ba jiya aka gina su ba. A waɗansu kwano ya yi tsatsa, bango ya tsage, wayar lantarki tana lilo bisa kan yara. Ranar karɓar kuɗin haya ba a makara, amma in ka kai kukan gyara sai a ce ka komo gobe.

A shekarar 2017 Gwamnatin Jiha ta sa gidajenta kusan 2,000 a kasuwa. To, ko gidan na Gwamnati ne ko na wanda ya saya, mai karɓar haya shi ke da nauyin babban gyara.

Ku tuna Satumban 2015, sa'ad da Kogin Kaduna ya yi ambaliya ya shiga Kabala da Unguwar Rimi. Tsagaggen bango ba ya jure ruwa, kuma ba ya sallama kafin ya faɗi.

Saboda haka tun damina ba ta kankama ba, kowa ya adana rasiɗinsa. Ku rubuta takardar kuka da kwanan wata, ku ajiye kwafi, ku ɗauki hoton ɓarnar. Kada ku hana kuɗin haya, domin hujjar kora ke nan. Sa'an nan ku tafi tare, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya tsare mu da iyalinmu, amin.