Jawabin Malamin Kimiyya a Taron Iyayen Yara

Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, iyaye maza da mata.

Wasunku sun tambaye ni me ya sa yara ke zuwa makaranta da doya. To ba dafawa muke yi ba. Mukan fere ɗanyar doya, mu rarake cikinta kamar ƙoƙo, mu zuba ruwan sukari, mu ajiye ta cikin kwanon ruwa zalla. Bayan 'yan sa'o'i sai ruwan sukarin ya ƙaru. Dalili kuwa, kowane ƙwayar halitta na doyar yana da siririn tantani mai barin ruwa ya wuce, ya tare sukari. Ruwa sai ya bi ta nan zuwa inda sukari ya fi kauri. In an dafa doyar, tantanin ya lalace, ba abin da zai ƙaru. Turawa na kiran wannan osmosis.

Iyaye mata, hikimar nan ce ke taimaka wa ruwan gishiri da sukari ya ceto yaro mai zawo.

Don Allah kada mu cire yaranmu daga aji mu tura su talla. Likitocinmu na gobe su ne.

Allah Ya ba mu ikon yi. Wassalamu alaikum.