Haƙƙin Masunta 'Yan Ci-rani: Abin Da Ya Faru A Veraval Lokacin Kullen Korona



Kwamitin shirya taro ya nemi mu yi magana a kan halin da masunta 'yan ci-rani kan shiga idan hanya ta toshe musu. Mun zaɓi mu ɗauko misali daga ƙasar Indiya, domin labarin can ya fito fili, kowa ya gani.

Ran 24 ga Maris, 2020, da ƙarfe takwas na dare, Firayim Minista Narendra Modi ya sanar da dokar kulle ta kwana 21 saboda cutar korona. Sa'o'i huɗu kacal aka ba jama'a. Jiragen ƙasa da motocin haya duk suka tsaya cik. A tashar jiragen kamun kifi ta Veraval, cikin jihar Gujarat a gaɓar yamma, akwai dubban ma'aikata da suka fito daga jihar Andhra Pradesh da ke gaɓar gabas, galibinsu daga gundumar Srikakulam. Tsakaninsu da gida ya haura kilomita 2,000. Harshensu Telugu, na masu masaukinsu Gujarati. Ƙarancin kifi da rashin tashar jirage ta kirki a yankinsu ne ke kora su duk shekara, su yi wajen wata takwas a jiragen wasu.

Da kulle ya zo, sai aka tsare su cikin jiragen da suke aiki, a ɗaure a bakin tasha. Jirgin su kuwa ba ɗaki ba ne. An ƙera shi don kifi da ƙanƙara da taru, mutum raɓawa kawai yake yi. Nan suka yi makonni cikin zafin bazara, ruwan sha da na wanka a ƙididdige, ga cunkoso, alhali hukuma na ta shelar a riƙa ba da tazara. Mutum biyu daga cikinsu suka rasu. Sai a ƙarshen Afrilu gwamnatocin jihohin biyu suka daidaita, aka kwashe mutum fiye da 4,000 a manyan motoci.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne yadda aka ɗauke su aiki tun farko. Shugaban jirgi, wanda suke kira tandel, shi ke zuwa ƙauye ya tattaro mutane da alkawarin baka. Saboda haka da wahala ta zo, mai jirgi ya dubi gwamnati, gwamnatin masauki ta dubi ta gida, ita kuma ta gida sai da ta fara da tambayar su nawa ne. A lokacin, Indiya tana da doka tun 1979 da ta wajabta rajistar 'yan ci-rani masu ƙetara jiha, amma ta zauna a takarda.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ma ta tanadi yarjejeniya mai lamba 188 a kan aikin su, a 2007, ta kuma fara aiki a 2017. Ta ce kowane jirgi ya riƙe jerin sunayen ma'aikatansa, a bar kwafi a tudu. Ta ce a rubuta sharuɗɗan aiki yadda ma'aikaci zai fahimta, abinci da ruwa kuma suna wuyan mai jirgi. Sai dai haƙƙin mayar da mutum gida da ta ambata ya shafi wanda ya maƙale a tashar wata ƙasa ne. Mutanen Veraval kuwa a cikin ƙasarsu suka zama baƙi.

To, jama'a, mu ma 'ya'yanmu kan bi kifi zuwa Doron Baga, da Lagdo ta Kamaru, har Yeji ta Gana. Yaro ya bi ubangida a kan maganar fatar baki, jirgi da koma na ubangida, rabo sai an tashi. Mu ma an kulle Legas da Abuja ran 30 ga Maris, 2020, daga baya aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi. Da a ce a makon nan aka tambayi wannan ƙungiya 'ya'yan garin nan nawa ne ke bakin ruwa a waje, wa zai iya miƙewa ya ba da amsa?

Shawararmu ita ce a buɗe rajista a hannun Sarkin Ruwa, sakataren ƙungiya na taimaka masa. Duk mai tafiya a rubuta sunansa, da na ubangidansa, da sansanin da za su sauka, da lambar waya. Yarjejeniyar rabo a rubuta ta da boko ko da ajami a gaban shaidu biyu, a kuma fayyace wanda zai biya kuɗin mota idan aiki ya tsaya ba da laifin yaro ba. Muna roƙon kwamitin walwala ya duba wannan kafin ruwa ya janye masu tafiya su fara ɗaure kaya.