Amsar Tambaya: Wane Ne Ɗan Dakon Cikin Kwamfuta?

Tambayarmu ta yau ta fito ne daga wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi. Ya ce yakan kunna karatu a wayarsa, yana kuma buga lissafin buhuna a cikinta, amma muryar ba ta yankewa. Shin na'urar kai biyu gare ta?

To Malam, madalla da wannan tambaya. Wayarka dai 'yar ƙaramar kwamfuta ce, kuma babban sirrin shi ne tana da ɗan dako.

Ka ɗauki ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda ake kira furosesa, a matsayin maigidan shago. Ma'ajiyarta ta wucin gadi, wato RAM, ita ce rumfar da ake baje kaya. Faifan ajiya shi ne sito, lasifika kuwa mai saye ce da ke jira a ƙofa. Tsakaninsu duka lungu ɗaya ne, wayoyin da saƙo ke bi. In maigida ne zai riƙa sungumar kowane buhu da kansa, wa zai yi ciniki? Don haka aka sa wata 'yar ƙwayar lantarki, masana na ce mata DMA, ma'ana kai kaya rumfa kai tsaye ba tare da sun bi ta hannun maigida ba.

Abu uku maigida kan faɗa wa ɗan dakon nan: ga wurin kayan a rumfa, ga yawansu, shiga za su yi ko fita. Shi ke nan, ya koma kan lissafinsa. Da lasifika ta nemi kaya, sai ɗan dako ya roƙi aron lungu, maigida ya kauce, ya wuce da buhu guda, ya rage ɗaya daga ƙidayar da aka ba shi. Wani sa'in buhu ɗaya-ɗaya yake kaiwa yana sakin hanya, wani sa'in ya tare lungun sai ya kwashe duka. In ƙidaya ta ƙare, sai ya taɓa maigida da wata alama, wato na gama, a ƙaro aiki. Duk wannan fa kafin ƙiftawar ido an yi shi sau dubbai, shi ya sa kunnenka bai jin giɓi.

Abin ba sabo ba ne. Kwamfutar da kamfanin IBM na Amurka ya fitar a 1981 tana da ƙwayar Intel mai lamba 8237, mai layi huɗu, kuma ba ta ɗaukar fiye da harafi 65,536 a aike ɗaya. A 1984 suka haɗa guda biyu, aka sami layi bakwai na aiki, don ɗaya ya tafi wajen ɗaure su da juna. Daga baya aka cusa ta cikin cifset, wato ƙwayoyin da ke kula da zirga-zirga a allon kwamfuta. Yau kuwa galibin na'urori, kamar faifai da katin intanet, kowa da nasa ɗan dakon yake zuwa.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Ɗan dakon nan ba ya tambaya. Inda aka nuna masa nan zai sauke, ko da a kan kayan wani ne, abin da aka ce ya ɗauko kuma zai ɗauko, ko da lambar sirrinka ta banki ce. A 2019 masu bincike, ciki har da na Jami'ar Kambirij ta Ingila, sun nuna ana iya satar bayanai ta kafar Thunderbolt da ke jikin wasu kwamfutocin tafi-da-gidanka. Sabbin cifset suna da mai gadi da ke ƙayyade wa kowane ɗan dako iyakarsa, sai dai ba kowace na'ura ce ke zuwa da shi a kunne ba. Ni dai a ganina, wanda ke da irin wannan kafa, kada ya bar baƙo ya soka masa abin da bai sani ba, ko da an ce caji kawai za a yi.

Da fatan Malam ya gamsu. Sai mu duba takarda ta gaba.