Rediyon Sha'awa a Cikin Mota: Shawara ga Ɗan Koyo



Muna godiya da aka ba mu wannan dama domin mu bayyana abin da muka koya a hutun da ya wuce, sa'ad da muka riƙa zuwa gidan wani dattijo, tsohon injiniya mai ritaya, a unguwar Nassarawa GRA. Shi wannan bawan Allah, wanda muke kira Baba Injiniya, yana da lasisin rediyon sha'awa, kuma ya yarda mu taya shi ɗaura na'ura a tsohuwar motarsa Peugeot 504. Kurakuran da muka yi a wajen su ne jarin wannan jawabi.

Bahaushe ba baƙon rediyo ba ne. Tun da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, iyayenmu suka saba da laluben tasha a gajeren zango, mita 19 ko mita 41. Amma duk wannan saurare ne. Rediyon sha'awa kuwa shi ne wanda mutum ke ji kuma yake magana da shi, ba don ciniki ba, sai don koyon fasaha da zumunci da taimako lokacin masifa. Masu wannan sha'awa sun kafa ƙungiyarsu ta duniya, watau IARU, a birnin Paris a 1925. Kowace tasha tana da lambar kira: ta Nijeriya tana farawa da 5N, ta maƙwabtanmu na Nijar kuwa da 5U.

Wani zai ce, ina amfanin wannan wahala alhali kowa na da salula a aljihu? Amsa ita ce, salula baiwar turken sadarwa ce. In turke ya mutu, ta zama dutse. An gani a tsibiran Andaman bayan igiyar teku ta 2004, da ƙasar Nepal bayan girgizar ƙasa ta 2015, inda masu rediyon sha'awa suka isar da saƙonni lokacin da wayoyi suka yi shiru. Mu ma nan mun ɗanɗana zama ba layi, ko da yake dalilin dabam ne, sa'ad da aka rufe sadarwa a Barno da Yobe da Adamawa a 2013, da kuma Zamfara a watan Satumba na 2021.

To, wannan batu na tsaro shi ne ya kawo mu ga sharaɗi na farko, wanda ya riga sayen ko da ƙusa ɗaya, watau lasisi. Tun daga Dokar Wayar Iska ta 1961, ba a yarda kowa ya watsa magana ta iska a ƙasar nan ba tare da izinin hukuma ba. A ƙasarmu ta Arewa kuwa abin ya wuce maganar tara, domin an sha kama oba-oba a hannun 'yan bindiga, saboda haka jami'in da ya ga doguwar eriya a motar saurayi a shingen bincike yana da hujjar tambaya. Wanda ba shi da takarda a wannan wuri zai iya kwana inda bai yi niyya ba. Shawarar Baba Injiniya ita ce, a nemi ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta Nijeriya, NARS, ta nuna hanyar samun lasisi daga hukumomin sadarwa na tarayya, sa'an nan kwafin takardar ya zauna tare da takardun mota kullum. Har ila yau, lasisin yana da iyaka: ba a ciniki da shi, ba a sa kiɗa, ba a magana a dunƙule don ɓoye ma'ana, kuma dole mutum ya riƙa faɗin lambarsa.

Sharaɗi na biyu tambaya ce: da wa za ka yi magana? Amsarta ce ke zaɓar maka na'ura, domin zangon iska iri biyu ne a wajen mai mota. Akwai na kusa, wanda ake kira VHF da UHF. A yankinmu na Afirka da Turai an ware wa masu sha'awa megahaz 144 zuwa 146, watau mita 2, da kuma 430 zuwa 440. Wannan zango kamar gani da ido yake, ba ya wuce inda ƙasa ta lanƙwasa sai kaɗan. Motoci biyu a fili, kowace da eriya mai tsayin mita 2 daga ƙasa, da ƙyar su wuce kilomita 12 suna jin juna, sai fa in ɗaya ta hau tudu irin su Goron Dutse. Sa'an nan akwai na nesa, HF, wanda shi ne gajeren zangon da muka sani. Shi yana tashi sama ya daki wani rufi na iska mai lantarki ya dawo ƙasa, shi ya sa a megahaz 7 ake iya samun Zariya ko Katsina ko Maraɗi da rana, a megahaz 14 kuwa har Turai.

A nan ne ɗan koyo ke yawan faɗawa rami. Yawancin shawarwarin da ake karantawa a intanet mutanen Amurka da Ingila ne suka rubuta, inda kusan kowane gari ke da na'urar maimaita murya a kan dogon gini ko tsauni, wadda ke karɓar maganar ƙaramar rediyo ta cilla ta nesa. Wanda ya sayi na'urar VHF a Kano bisa wannan shawara, bai bincika ko akwai irin wannan na'ura ko abokin magana a kusa ba, zai iya wuni yana kira ba mai amsawa. Matambayi dai ba ya ɓata. A fara sanin mutanen, sa'an nan a sayi ƙarfen.

Game da na'urar kanta, matakai uku ne. Akwai ta hannu mai ƙarfin wat 5, irin su Baofeng UV-5R ta ƙasar Sin, wadda ita ce mafi araha. Tana da kyau wajen koyo, amma tana iya watsawa daga megahaz 136 zuwa 174, wanda ya zarce rabon masu sha'awa nesa ba kusa ba, don haka mai sakaci zai iya kutsawa layin da ba nasa ba. Akwai ta mota mai wat 50, daga kamfanonin Japan irin su Yaesu da Icom da Kenwood. Akwai kuma ta HF mai wat 100, kamar Yaesu FT-891, wadda ta fi tsada ta kuma fi wuyar ɗaurawa. Kada yawan wat ya ruɗe mu. Sai an ninka ƙarfi sau huɗu, a ce daga wat 25 zuwa 100, kafin ma'aunin mai saurare ya motsa da mataki ɗaya tak.

Abin da ke kawo bambanci na gaske shi ne eriya, kuma mun gwada mun gani. Baba Injiniya ya zauna a gida yana magana ta eriyarsa da ke bisa rufi, mu kuma muka shiga mota da rediyon hannu muna saurare kawai, tun da ba mu da izinin amsawa. Da salula muke gaya masa abin da muka ji. Da 'yar eriyar robar da ta zo da rediyon, a cikin mota, kafin mu wuce Gadon Ƙaya muryarsa ta nutse cikin shuu. Dalili kuwa, jikin mota akwatin ƙarfe ne mai tare igiyar rediyo. Da muka ɗora wata eriya mai gindin maganaɗisu a tsakiyar rufi, muka haɗa ta da rediyon nan dai, sai ga shi muna jinsa har ƙofar sabon mazaunin Jami'ar Bayero a hanyar Gwarzo.

Tsawon eriya lissafi ne. Ana raba 300 da yawan megahaz a sami tsawon zango da mita, sa'an nan a ɗauki rubu'insa. A megahaz 145 rubu'in wajen santimita 52 ne, abin da kowace mota za ta ɗauka. A megahaz 14 kuwa ya ɗan haura mita 5, a megahaz 7 ya haura mita 10. Tun da ba motar da za ta yi yawo da sandar mita 10, sai a gajarta eriyar a cike gurbin da naɗin waya, amma kuma yawancin ƙarfin sai ya tafi a zafi. Irin waɗannan ne kaurara da muke gani a gaban motocin ƙungiyoyin agaji. Rufin mota shi ne rabin eriya na biyu, shi ya sa tsakiyarsa ya fi ko'ina. Bayan but na biye, bamba kuwa ita ce ƙarshe. Sai dai a tuna da itatuwan darbejiya da maɗaci da suka yi wa titunan Nassarawa rumfa, da ƙofofin gareji: reshe ɗaya ya isa ya tsinke eriya mai tsawo. Ga mai yawon cikin gari, gajeriya mai lanƙwasuwa ta fi.

Kuskurenmu na farko a nan ya faru. Mun sayo wata eriya a kasuwa saboda arharta, mai shagon ya rantse mana tana yi da kowace rediyo. Da Baba Injiniya ya sa ma'aunin SWR, wanda ke nuna yawan ƙarfin da ke komowa cikin na'ura maimakon ya fita, sai allura ta wuce 3. Ashe an yanka ta ne don wani zango dabam. Abin da ake so shi ne 1.5 ko ƙasa. In ya haura 2, na'ura takan rage ƙarfinta, mai rauni kuma ta ƙone. Dattijon ya yi murmushi ya ce, "Yarana, araha ba ta ado." Haka kuma wayar da ke haɗa eriya da rediyo dole ta zama mai om 50, irin su RG-58, ta talabijin mai om 75 ce, ba ta dace ba.

Kuskure na biyu wajen wuta ne. Don gudun wahala muka soka na'urar mai wat 50 a ramin kunna taba. Yana danna abin magana sai fis ya tsinke. Irin wannan na'ura tana jan wajen amfiya 10, ta HF kuwa fiye da 20, alhali siraran wayoyin wannan rami ba don haka aka yi su ba. Daidai shi ne a sa mai wayarin ya jawo waya mai kauri daga batir, a sa fis dab da batirin, a kuma sa roba a inda wayar ta ratsa ƙarfe, domin wayar da ta goge ba fis ita ce ke tayar da gobara. In an ji kuka mai tashi da sauka tare da totur, daga altaneta ne. Ƙas-ƙas kuwa daga fulogi.

Kada kuma mu manta da yanayin garinmu. A watan Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40 a inuwa, balle cikin motar da aka rufe a rana. Kada a ɗaura na'ura a kan dashbod. A sa ta ƙarƙashin kujera inda iska ke ratsawa, a riƙa kakkaɓe ƙurar hunturu daga fankarta. A mota ta zamani a kauce wa gaban jakar iskar da ke fashewa lokacin haɗari. In magana za ta yi tsawo, a gangara gefen titi a tsaya.

Saboda haka, ga jerin da muke ba ɗan koyo: ya fara da saurare, ya nemi masu lasisi ya zauna da su, ya sami tasa takardar. Bayan nan ya sayi ƙaramar rediyon hannu da eriyar rufi mai kyau da ma'aunin SWR. In ya ga akwai abokan magana, ya hau zuwa mai wat 50. HF kuwa ya fara koyonta a gida, inda zai iya miƙa waya mai cikakken tsawo tsakanin itatuwa biyu, kafin ya kai ta mota.

A ƙarshe muna roƙon shugabannin ƙungiyar ɗalibai da malaman sashen injiniyan lantarki su duba yiwuwar nema wa makaranta tasha mai lasisi, domin ɗalibin da ba shi da kuɗin na'ura ya sami wurin koyo bisa doka. Mu kanmu mun fara shirin neman lasisi, kuma ƙofarmu a buɗe take ga mai son shiga.

Masu wannan sha'awa sukan rufe hira da lamba 73, watau fatan alheri. Mu ma da ita muke sallama. Allah ya sa mu dace, amin.