KU JE BIKI, AMMA KU TSARE KUNNUWANKU

(Jawabin da wani malamin lafiya ya yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci, maza da mata, bayan an gama aikin kaka.)

 

Kaka ta yi, an kai amfanin gona gida. Yanzu lokacin hidima ne. Ga bikin aure, ga suna, ga kalankuwa, ga dambe da kokawa. Masu wasan kwaikwayo za su zo dandali, mawaƙa za su zo da kayan kiɗansu. Ban zo don in hana kowa zuwa kallo ba, ni ma ina zuwa. Na zo ne mu yi magana a kan kunne, domin Hausawa sun ce in kunne ya ji, gangar jiki ta tsira.

A da, makaɗi da kalangunsa ko gangarsa kawai yake zuwa. Yau kuwa sai an kawo janareta, an jera manyan lasifika, an ƙure murya har ƙirjin mutum yana rawa. Wanda ke ƙauyen gaba ma yana jin kiɗan. To, yaya wanda ya kwana a gindin lasifikar?

Kwanakin baya wani saurayi ya zo wurina. Sana'arsa ita ce kunna kiɗa a gidajen biki, ya yi shekaru yana yi. Ya ce mini, "Malam, ina jin mutane suna magana, amma ba na gane abin da suke faɗa. Kuma in dare ya yi, kunnena sai ƙugi kamar kukan gyare." Bai kai shekara 30 ba. Na tura shi babban asibiti aka auna jinsa. Aka ce jin ya ragu, kuma abin da ya tafi ba zai dawo ba. Saboda irinsa na zaɓi wannan magana yau.

YADDA KUNNE YAKE JI

Sauti yana shiga ta ramin kunne, ya bugi wata fata marar kauri da muke kira dodon kunne. Fatar sai ta motsa kamar fatar ganga. A bayanta akwai ƙananan ƙasusuwa 3, su ne suke kai motsin can ciki, zuwa wani wuri mai kama da katantanwa. A cikin katantanwar nan akwai wasu 'yan gasu ƙanana ƙwarai, wajen 15,000 a kowane kunne. Su ne suke aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, sannan mutum ya ce ya ji.

Ku ɗauki gasun nan kamar shuka a gona. In iska ta kaɗa a hankali, shuka za ta sunkuya ta miƙe. In guguwa ta zo, wata za ta kwanta ta tashi bayan kwana biyu, wata kuwa ta karye. Haka ƙara mai ƙarfi take yi wa gasun kunne. Amma manomi yana iya sake shuka. Gashin cikin kunne in ya mutu ba ya sake tsirowa. Babu allura, babu ƙwaya, babu sassaƙe da zai dawo da shi.

Wa ya taɓa dawowa daga biki ya ji kunnensa ya toshe, ko yana ƙara "wiii"? Na ga hannuwa da yawa. Wannan gargaɗi ne, gasun sun gaji sun kwanta. Washegari ka ji ka warware, sai ka ce babu komai. Amma in ana maimaitawa, kaɗan-kaɗan suke mutuwa, ba ciwo, ba jini. Siraran sautuka ne suke fara ɓacewa, irin muryar yara da ta mata. Daga nan sai ka riƙa cewa "Na'am? Me ka ce?" Ka ƙure rediyo, ka kasa jin odar mota a kan hanya.

MA'AUNIN ƘARA

Kamar yadda ake auna hatsi da mudu, haka ake auna ƙarfin sauti da wani ma'auni da ake kira desibel. Hirar da muke yi a zaure tana kai desibel 60. Wannan ba ta cutarwa ko an wuni ana yi.

Masana sun ce daga desibel 85 haɗari yake farawa. A nan kunne yana iya jure awa 8 a rana. Amma duk lokacin da aka ƙara desibel 3, sai lokacin ya ragu da rabi. Ku bi lissafin da ni. A 88 awa 4 ne. A 91 awa 2. A 94 awa 1. A 97 minti 30. A 100 minti 15 kacal. Wurin wasan mawaƙa da ake sa manyan lasifika yakan kai 100, wani lokaci ma ya wuce. Mu kuwa tun bayan lisha muke zama har asuba.

Harbin bindiga, irin wanda ake yi a hawan salla, ya fi duka. Yakan kai 140 ko ya wuce. Harbi ɗaya kusa da kunne ya isa ya yi ɓarna nan take.

Ba mu da na'urar awo a ƙauye, amma ga dabara. Ka tsaya kusa da abokinka, tsakaninku tsawon hannu ɗaya. In sai ka ɗaga murya sosai kafin ya ji ka, to ƙarar wurin ta kai ta cutarwa.

Wannan damuwa ba tamu ba ce mu kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan 1, masu shekara 12 zuwa 35, suna cikin haɗarin rasa ji saboda kiɗa mai ƙarfi. A shekarar 2022 ta fitar da ƙa'ida ga masu gidajen wasa. Ta ce kada sauti ya wuce desibel 100, a tanadi wurin da babu hayaniya don mutane su huta, a kuma samar wa 'yan kallo abin toshe kunne. A ƙasar Faransa tun 2017 aka yi doka cewa manyan wuraren kiɗa su riƙa ba mutane abin toshe kunne kyauta.

ABIN TOSHE KUNNE

Ga shi nan a hannuna, ku miƙa wa juna kowa ya taɓa. Wannan na soso ne, mai laushi, bai kai kan ɗan yatsa ba. Wannan kuma na roba ne, ana wanke shi da ruwa da sabulu a sake sawa. Akwai wani iri da ake yi domin makaɗa da mawaƙa, wanda yake rage ƙarfin kiɗa ba tare da ya dusashe shi ba. Ana samun na soso da na roba a wasu manyan kemis na birni, da shagunan masu sayar da hular kwano da safar hannu ta ma'aikata. Ba su da tsada. Duk mai zuwa birni a ba shi saƙo.

In an sa shi daidai, yana rage ƙara da desibel 15 zuwa 30. Ku koma kan lissafinmu. In kiɗa yana 100, ka rage 15, saura 85. Ke nan daga minti 15 ka koma awa 8.

Ga yadda ake sa na soso:

1. Ka wanke hannunka ya bushe.
2. Ka murza soson da yatsu har ya zama siriri.
3. Ka zagaya da ɗaya hannun ta bayan kai, ka ja saman kunnen sama. Wannan yana miƙar da ramin.
4. Ka tura soson a hankali, ka riƙe shi da yatsa, ka ƙirga daga 1 zuwa 30 har ya kumbura ya cika ramin.

In ya zauna daidai, za ka ji muryarka ta yi nauyi a cikin kanka. Wajen cirewa, ka juya shi a hankali, kada ka fizge. In ya yi datti ko ya daina kumbura, a yar da shi. Kada mutum biyu su yi amfani da guda ɗaya. Wanda kunnensa ke ciwo ko yake zubar da ruwa ya fara zuwa asibiti tukuna.

Wani zai ce, "Ai sai in sa auduga." Auduga ba ta tare ƙara sai ɗan kaɗan, kuma tana iya maƙalewa a ciki. Takarda da tsumma ma kada a sa.

Wani kuma zai ce, "In na toshe kunne, me na je yi?" Ai ba kurma za ka zama ba. Za ka ji kiɗa, ka ji waƙa, ka ji zancen 'yan wasa, zafin ƙarar ne kawai zai ragu. Masu jin kunya kuma su sani, manyan mawaƙan duniya da yawa suna sawa. Chris Martin, wani sanannen mawaƙi na Ingila, ya faɗa da bakinsa cewa yana fama da ƙugin kunne, kuma shi da abokan kiɗansa suna tsare kunnuwansu a wurin wasa. Mata kuwa, ɗankwali ma ya rufe shi, ba mai gani.

IN BABU ABIN TOSHEWA FA?

Ka nisanci lasifika. A fili, in ka ninka nisan da ke tsakaninka da ita, ƙarar tana raguwa da wajen desibel 6. Ka riƙa fita bayan kowace awa, ka sami wuri shiru ka huta kamar minti 10. In za a harba bindiga, ka toshe kunnuwa da yatsu. Bayan biki, ka bar kunnenka ya huta kwana guda, ba injin niƙa, ba rediyo a ƙure.

Iyayena mata, ku nake roƙo musamman. Sau da yawa nakan ga mace da goyo tana rawa a gaban lasifika. Jariri ba ya iya cewa kunnensa ya gaji, kuma da kunne yaro yake koyon magana. Kada a sa wa ƙaramin yaro soso, yana iya cirewa ya haɗiye. Akwai wani mai kama da faifai biyu da ake kifa wa yara a kan kunnuwa. In babu shi, a bar yaro a gida, ko a zauna da shi can nesa.

Masu biki da masu kayan kiɗa, ku ma da naku. Ku rage murya kaɗan, ku ɗaga lasifika sama da kan mutane, kada ku bar yara su zauna a gindinta. Ku da kuke kwana da kiɗa kullum, ku ne kuka fi kowa bukatar abin toshe kunne, domin da kunnen nan kuke cin abinci.

A ƙarshe, duk wanda ƙugin kunnensa ya wuce kwana biyu ko uku bai daina ba, ya je asibiti. Wanda jinsa ya ɗauke farat ɗaya, ya tafi a ranar, kada ya tsaya ɗiga mai ko ruwan ganye. Manyan asibitoci suna da sashen kunne da hanci da maƙogwaro, kuma a Kaduna akwai cibiyar kula da lafiyar kunne ta ƙasa.

Rigakafi ya fi magani. Kowa in ya koma gida ya gaya wa mutum biyu abin da ya ji yau.  Allah ya ba mu lafiya, ya kai mu bukukuwan bana lafiya. Mai tambaya ya ɗaga hannu.