Zazzaɓin Taifod: A Gwada Jini Kafin A Sha Magani

Ƙwayar cutar taifod tana shiga jikinmu ta abinci ko ruwan da bayan gida ya gurɓata.

Amma ba kowane zazzaɓi ne taifod ba. Gwajin Widal, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1896, yakan nuna taifod ga wanda cizon sauro ne kawai ke damunsa. Gwajin da ya fi tabbaci shi ne a ɗebi jini, a ajiye a ɗakin gwaji kwana 2 zuwa 3 ko fiye, a ga ko ƙwayar za ta hayayyafa. A ɗebi jinin tun ba a fara shan magani ba, domin magani yakan ɓoye ta.

Mu riƙa tafasa ruwan sha, mu wanke hannu da sabulu.