Alkama da Ciyawa a Gona Ɗaya: Jawabi a Bikin Yaye Ɗaliban Makarantar Littafi Mai Tsarki

A Matiyu 13:24-30 Yesu Almasihu ya ba da misalin manomin da ya shuka alkama, magabci ya bi dare ya yafa muguwar ciyawa a gonar. Barori suka nemi izinin tugewa, maigida ya hana, don kada alkama ta biyo ciyawa. Sai ranar girbi za a raba. Da yake fassara misalin, Yesu ya nuna gonar duniya ce, girbi ƙarshen zamani, masu girbi kuwa mala'iku.

Hanin maigidan yana da dalili. Ciyawar tana kama da alkama sak har sai ta fid da kai, saiwoyinsu kuma a sarƙe suke. Manomin gero ya san wannan da shibra: a lokacin noman farko ba ta rabuwa da gero a ido, mai gaggawa sai ya sare abincinsa. Haka ma mutane: Shawulu, wanda ya yarda da jifan Istifanas, da a ranar aka yanke masa hukunci, da bai zama Manzo Bulus ba. Haƙurin Kirista a nan yake tsaye: Allah ne ya san zuciya, jinkirinsa kuma, yadda 2 Bitrus 3:9 ta koyar, dama ce ta tuba.

Ikilisiyar Afirka ta taɓa ɗanɗana wannan gaggawar tugewa. Bayan tsanantawar da Sarki Diyokletiyan ya fara a shekarar 303, mabiya wani mai suna Donatus suka ƙi limaman da ake zargi sun miƙa littattafai masu tsarki ga hukuma. Suka ware, suna sake yi wa mutane baftisma. Agustin, bishop na Hippo, wato Annaba ta Aljeriya a yau, ya amsa musu da wannan misali: ikilisiya a duniya gauraye take har girbi. An yi babban zama a Kartaj a shekarar 411 kan rikicin. Agustin kansa ya goyi bayan a tilasta su da ƙarfin hukuma, kuma a nan ya kauce wa misalin da ya kare.

Ɗaliban da ake yayewa sun karanta wannan tarihi. Sun yi Tsohon Alkawari da Sabo, sun yi tauhidi da dabarun wa'azi, sun fita bishara ƙauyuka da damina da rani, wasu da iyali a ɗaki ɗaya. Malamai da matan ɗalibai sun cancanci yabo.

Sai dai akwai abin da ya zama dole a faɗa. Wa'azin kiran wuta a kan abokan gaba ya yi yawa a majami'u. Mutum ya rasa aiki, ko ciki ya zube, sai mai wa'azi ya ce an nuna masa hannun wani a cikin gida. Daga nan a fara kauce wa wata tsohuwa a bakin rijiya, a daina karɓar tuwonta, ƙarshe ta ɗaure kayanta a zane ta bar gidan da ta yi shekaru tana shara. Wani lokaci yaro maraya ake jingina wa maita. Wannan tuge alkama ne da sunan Allah. Yakubu da Yahaya sun so kiran wuta a kan wani ƙauyen Samariyawa, Luka 9 ta nuna Yesu ya tsawata musu. Ba a koyar da wannan wa'azi a makarantar nan ba, kada a ji shi a bakin mai riƙe da takardarta, ko da zai cika majami'a.

Haƙurin bai soke horo ba. Matiyu 18:15-17 ta tsara shi mataki mataki: magana a keɓe, sannan shaidu, sannan ikilisiya, kuma a kan laifin da ya tabbata, domin a maido da ɗan'uwa. Bai kuma hana neman haƙƙi ba, gama Bulus ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Bai hana kuka ba: Asaf a Zabura 73 ya kusa tuntuɓe da ya ga mugaye suna arziki, Habakuk kuma ya tambayi Allah har yaushe. Faston da aka tura inda aka yi kisa ko garkuwa zai binne matattu, ya kai rahoto ga hukuma, ya kula da gwauraye da marayu, ya kuma tsaya a gaban matasa ya hana ramuwa.